Lasisin bakof na terabait: me ake aunawa, kuma nawa ya kamata asibiti ya saya?

"Assalamu alaikum. Ni ke kula da sashen kwamfuta a wani asibiti mai zaman kansa a nan Sakkwato. Muna da sabobi 3 masu ɗauke da VM 22, wato kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin saba, a kan manhajar VMware, kuma faifan da muka raba musu ya kai terabait 26. Muna da NAS, na'urar ajiye fayiloli a kan netiwok, da ke ɗauke da terabait 9 na hotunan eksire da sikan, yana ƙaruwa da kamar gigabait 300 duk wata. Wani dillali ya kawo takardar farashi ta lasisin manhajar bakof na terabait 30 na shekara 3, an rubuta FETB a jiki. Wani kuma ya ce tasa manhajar kan VM ake biya, babu ruwanta da girman bayanai. Mai asibiti na jira in ce ga wanda za a ɗauka. Me ake aunawa a lasisin terabait, kuma wanne ya fi mana?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: wane abu ne ke hawa sikeli idan an ce terabait 30, sannan idan an jera takardun biyu, wacce za ta fi sauƙi har ƙarshen shekara ta uku. Tun da farko ka lura da wani abu. Ka ba ni 26 da 9, jimla 35. Lamba 30 ba ta fito daga ko ɗaya cikinsu ba, ba kuma ta fito daga awon da aka yi a sabobinka ba, tunda ba ka ce wani ya zo ya auna ba. Kintace ne. Kafin a yi maganar kuɗi sai an maye gurbin kintacen da awo.

Inda tsarin ya samo asali

A da, manhajar bakof, wato mai ɗaukar kwafin ko-ta-kwana na bayanai, gunduwa-gunduwa ake sayar da ita. Ka biya na babbar sabar da ke gudanar da aikin, ka biya na kowace na'urar da za a kare, ka ƙara na SQL Server ko Oracle daban, na injin kaset daban. Da VM suka yawaita sai aka koma ƙirga soket, wato gurbin da ake dasa firosesa a saba: kowace saba mai soket 2 lasisi 2, ka loda mata VM iya son ranka. Firosesa suka yi ta ƙara ƙarfi, saba ɗaya ta fara ɗaukar abin da da sai biyar, kamfanonin suka ga tsarin ba ya kawo musu kuɗi kamar da. Veeam, alal misali, ta daina sayar wa sababbin masu saye lasisin soket a 2022. Abin da ya rage a kasuwa yau galibi biyu ne: biya kan kowace na'ura ko VM, ko biya kan girman bayanai. NetBackup, Commvault, IBM Storage Protect da manhajojin Dell duk suna da lasisin terabait. Amfaninsa shi ne ka biya kuɗin girma kawai, sauran kayan aikin, na databes da na kaset da na kwafi zuwa wani wuri, galibi suna ciki.

Awon tushe da awon ma'ajiya

FETB ɗin da ka gani awon tushe ne. Ana auna bayanan a inda suke zaune a sabobinka, kafin a matse su, kafin a cire maimaici. A aikace, yawancin manhajoji kan ɗauki girman cikakken bakof na kowace na'ura, mafi girma ko na baya-bayan nan cikin wani lokaci da suka ƙayyade, su tara. Ko kwafi 3 ka ajiye ko 90, ko wata ɗaya ka riƙe ko shekara 7, lambar ba ta motsi. Abin da ke motsa ta shi ne girman bayanan asali.

Kishiyarsa BETB, awon ma'ajiya. Nan ana auna abin da ya zauna a faifan bakof bayan matsewa da cire maimaici, haɗe da duk tsofaffin kwafin da kake riƙe. Kamar gero ne: wani yana auna damin da ka ɗauko daga gona, wani kuma yana auna tsabar da ta shiga rumbu bayan sussuka, amma har da ta bara da ta bara waccan da ba a ci ba.

Masu sayar da awon ma'ajiya sukan yi ta ambaton yadda manhajarsu ke rage bayanai ninki goma ko fiye. Hakan na faruwa idan kana da VM masu yawa da ke kan Windows iri ɗaya, domin fayilolin tsarin duk ɗaya ne, sau ɗaya za a ajiye su. Asibiti kuwa ba haka yake ba. Hotunan DICOM, tsarin da injinan eksire da sikan ke ajiye hoto da shi, sau da yawa a matse suke fitowa, kuma hoton ƙirjin wannan mara lafiya ba ya maimaita na wancan. Bidiyon kyamarar tsaro da aka ɗauka da H.264 ko H.265 shi ma ba ya ƙara matsuwa. Haka takardun da aka yi wa sikan zuwa JPEG ko PDF, haka databes da aka rufe da lambar sirri. Terabait 9 ɗinka na NAS zai shiga ma'ajiya kusan yadda yake. Ga shi kuma bayanan marasa lafiya ba abin gogewa ba ne bayan wata uku. Saboda haka, idan da zaɓi tsakanin biyun, awon tushe ya fi dacewa da kai, domin kana iya hasashen kuɗinka, kuma ba za a hukunta ka don ka riƙe tarihi mai tsawo ba. Dillalin farko bai yi kuskure a nan ba.

Sai dai ka tuna lasisin awon tushe ba ya saya maka faifai. Kwafi 90 kyauta ne a wajen lasisi, amma inda za su zauna kai za ka saya.

Abin da ke kumbura lambar ba tare da ka sani ba

Nan ne kuɗi ke zubewa, don haka zan tsaya a kai.

Na farko shi ne bambanci tsakanin faifan da aka raba da wanda aka cika. Ka ce ka raba wa VM terabait 26. Idan faifan nan irin wanda ke girma a hankali ne, ainihin abin da ke ciki na iya zama ƙasa da rabi. Manhajoji da dama abin da aka cika suke ƙirgawa, amma dole ka ga hakan a rubuce a takardar sharuɗɗan lasisi, ba a bakin dillali ba. Akwai kuma tarko a ciki: idan ka goge fayil na gigabait 500 a cikin Windows, VMware na iya ci gaba da ganin wurin a cike har sai an kwato shi da umarnin UNMAP. Manhajar da ke ɗaukar VM daga waje tana iya ƙirga wannan wurin da babu komai cikinsa. Sinafshot, wato hoton yanayin VM a wani lokaci da ake ɗauka don a iya komawa baya, da aka manta da shi wata shida ma haka yake yi, ban da haɗarin da yake jawo wa VM ɗin kansa.

Na biyu ƙirga abu ɗaya sau biyu. A aikin da nake yi, wannan ne na fi cin karo da shi. Ana ɗaukar sabar databes gaba ɗayanta a matsayin VM, sannan an saka mata wakilin SQL, ƙaramar manhajar bakof, a ciki yana ɗaukar databes ɗin daban. A wasu manhajojin wannan awo biyu ne. Sannan mai kula da manhajar asibitin, don tsoron kansa, ya saita aikin da ke zubar da fayil na .bak, wato kwafin databes, duk dare a wani faifai, ba ya goge na baya. Databes mai gigabait 400 ya haifi kwafi 14 a gefe, ko a matse suke sun kai terabait 2 ko fiye, kuma duk ana ɗauka a bakof, duk ana biyan lasisinsu. Kana biyan kuɗin bakof ɗin bakof. Haka abin yake idan fayil ɗaya na NAS ya shiga jadawali biyu, ko na'ura ɗaya ta bayyana da suna biyu, gajeren suna a wani jadawali, cikakken suna a wani.

Na uku tsofaffin na'urori. Ka kashe saba, ka ɗauke aikinta zuwa sabuwa, amma kwafinta na ƙarshe na nan a ma'ajiya don tarihi. Wasu kamfanoni suna daina ƙirga ta bayan wasu makonni ba a ɗauke ta ba, wasu sai ka cire ta da hannu. Ka tambaya.

Na huɗu shi ne terabait ɗin kansa. Masu ƙera faifai suna nufin bait 1,000,000,000,000. Windows kuwa idan ya rubuta TB yana nufin bait 1,099,511,627,776. Tazarar kusan kashi 10 cikin ɗari ce, a kan terabait 30 kuwa kusan terabait 3 kenan. Sharuɗɗan kowane kamfani sun faɗi wanda suke nufi. Ka nemo layin, ka auna da irinsa.

Yadda za ka auna da kanka

Aikin yini ɗaya ne. Ka sauke manhajar RVTools, kyauta ce, ka haɗa ta da vCenter, cibiyar sarrafa VMware, ka fitar da rahoton zuwa Excel. A shafin vInfo akwai layin abin da aka raba da layin abin da ake amfani da shi. Na biyun kake nema, amma ka san ya haɗa da fayil na suwaf, wanda ke karɓar rarar memori, da sinafshot, saboda haka ka duba shafin sinafshot ka share waɗanda suka tsufa kafin ka sake gudu. Wanda ke kan Hyper-V, takwarar VMware ta Microsoft, zai samu irin wannan da umarnin Get-VHD. A cikin SQL Server, sp_spaceused zai nuna maka abin da bayanai suka ci a zahiri. A NAS kuma ka duba girman kowane babban fayil daban, kada ka ɗauki jimlar da ke shafin farko, domin can har da kwandon shara da sinafshot na NAS ɗin. Za ka yi mamakin abin da ke ciki: fina-finan ma'aikata, fayilolin girka manhaja, kwafin wayar wani da ya bar aiki.

Daga nan ka nemi kowane dillali ya girka manhajarsa ta gwaji, a ɗauki cikakken bakof na gaske, a fitar da rahoton lasisi daga cikin manhajar. NetBackup na da nbdeployutil don wannan aikin, sauran ma kowacce na da nata rahoton. Lambar da wannan rahoton ya bayar ita ce za a bi ranar da kamfanin ya zo bincike, ba taka ta Excel ba. Idan sun bambanta sosai, ka gano dalili kafin sa hannu.

Lissafi da lambobinka

A ce awo ya nuna VM 22 ɗin sun cika terabait 11. Misali nake yi, naka awon ne zai tabbatar. Da NAS, yau kana da 20. NAS na ƙara terabait 3.6 a shekara: 12.6, 16.2, 19.8. A ce VM na girma da kashi 15 cikin ɗari a shekara: kamar 12.7, 14.5, 16.7. Jimla ƙarshen shekara ta farko 25.3, ta biyu 30.7, ta uku 36.5.

Ka ga matsalar 30 ke nan. A ranar farko ka biya kuɗin terabait 10 da ba ka da su. Kafin shekara ta biyu ta ƙare ka haye iyaka, kuma a lokacin ba ka da bakin ciniki, domin duk bayananka na cikin manhajarsu. Idan asibitin ya sayi sabon injin CT ko MRI a tsakani, gigabait 300 a wata zai zama tarihi. Ka je wajen mai asibiti da shugaban sashen hoto ka tambaye su abin da suke shirin saye, domin su ne ke riƙe da ainihin lambar girmanka.

Yanzu dillali na biyu. Maganar cewa babu ruwan manhajarsa da girman bayanai gaskiya ce ga VM kawai. VM mai gigabait 60 da mai terabait 4 duk lasisi ɗaya ne. Amma NAS ba VM ba ne. A tsarin Veeam, idan ita ce, kowane gigabait 500 na fayilolin NAS yana cin lasisi ɗaya. Terabait 9 lasisi 18 ne, da VM 22 sun zama 40 tun yau. A shekara ta uku NAS kaɗai zai ci 40, jimla 62 ko da ba ka ƙara VM ko ɗaya ba. Wannan na da nauyi domin tsarinsu mai sauƙi na ƙananan ma'aikatu, Essentials, ya tsaya a 50. Ka duba takardarsa da kyau, ina kyautata zaton 22 ko 30 ya rubuta, ya bar NAS a waje.

Hanyar kwatanta VM kaɗai mai sauƙi ce. Raba terabait 11 gida 22, matsakaici rabin terabait. Idan kuɗin VM ɗaya a shekara bai kai rabin kuɗin terabait ɗaya ba, biya kan VM ya fi arha. Gaba ɗaya dai, mai ƙananan VM da yawa lasisin terabait ne ke masa daɗi, mai manyan VM kaɗan kuma biya kan VM.

Shawarata ita ce ka raba matsalar biyu. VM 22 su ne ke buƙatar manhaja mai tsada, domin su ne ke canzawa kullum, su ne kuma ake so su dawo cikin awa ɗaya ko biyu idan an samu matsala. Hotunan eksire sau ɗaya ake rubuta su, ba a sake taɓa su. Biyan lasisin terabait mai tsada duk shekara a kan hoton 2019 da bai canza ba asarar kuɗi ce. Ana iya kare su da NAS na biyu a wani gini, yana karɓar kwafi da sinafshot da ba a iya gogewa, sannan a sauke na kowane wata a kaset ɗin LTO, kaset na ajiye bayanai. LTO-8 na ɗaukar terabait 12 ba tare da matsewa ba, LTO-9 kuma 18. Kada ka yi lissafi da 30 da 45 da ke jikin kwali, don hotuna ba sa matsuwa. Idan ka yi haka, abin da ke buƙatar lasisi ya koma tsakanin 11 da 17, kuma takardun biyu duk sai an sake rubuta su. Sharaɗin shi ne a samu mai duba wannan hanya ta biyu duk mako, a kuma gwada dawo da hotuna daga kaset lokaci-lokaci. Idan kai kaɗai ne a sashen kuma ba ka da wannan lokacin, gara ka biya a haɗa komai a manhaja ɗaya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da lasisin terabait ke sa mutane yi a ɓoye. Iyaka ta kusa, babu kuɗin ƙari, sai a cire wasu sabobi daga jadawali "na ɗan lokaci". Ba a gaya wa kowa. Ranar da manhajar ɓarayi mai yin garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa ta shigo, sai a tarar sabar ɗakin gwaje-gwaje wata takwas ba a ɗauke ta ba. Duk abin da za a bari a waje, mai asibiti ya sa hannu a kai. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan an samu keta mai haɗari ga mutane. Nauyin na kan asibitin, ba kan dillali ba.

Abubuwan da Sakkwato ke ƙarawa

Kuɗin lasisi da dala ake yanke shi ko da naira aka rubuta maka. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san ma'anar sabunta lasisi duk shekara. Biyan shekara 3 gaba ɗaya kariya ce daga wannan, amma ya ci karo da abin da na faɗa na biyan terabait ɗin da ba ka da shi. Maslaha ita ce ka sayi abin da zai kai ka wata 12 zuwa 18, sannan a rubuta farashin kowane ƙarin terabait a yarjejeniya, kuma duk ƙarin ya ƙare rana ɗaya da na asali. Ka tabbatar takardun biyu duk sun nuna harajin VAT na kashi 7.5, don kada ka kwatanta mai haraji da marar haraji.

Dillali zai ce lasisin ya haɗa da aika kwafi zuwa gajimare, wato ma'ajiyar wani kamfani ta intanet. Haka ne, amma ka yi lissafin layinka. Terabait 10 a kan layin megabit 100 a daƙiƙa, idan bai yanke ba kuma ba kowa a kai sai kai, kwana 9 da 'yan awoyi ne. Dawo da shi ma haka, ga kuɗin fitar da bayanai da wasu masu gajimare ke caja. Ga kuma sharuɗɗan doka kan fitar da bayanan mutane waje da ƙasa. Kwafi na biyu a wani gini cikin gari, a ce asibitin na Mabera kwafin na Arkilla, shi zai tashe ka da wuri.

Wuta ma ta shigo. Idan wutar Kaduna Electric ta ɗauke, janareta bai kama da wuri ba, batirin ko-ta-kwana na UPS ya gaza, sabobi suka mutu farat ɗaya, VMware na iya rasa lissafin ɓangarorin faifan da suka canza. Bakof na gaba sai ya karanta faifan duka. A awon tushe wannan bai ƙara maka ko kwabo, sai dai aikin dare ya shiga safiya. Kaset kuma ba ya son zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ba ya son ƙurar hunturu. A ajiye shi cikin kwalinsa, a ɗaki mai sanyi, ba a durowar ofis ko bayan mota ba.

Abin da za a rubuta kafin sa hannu

Ban ga takardunka ba, kuma sharuɗɗan kamfanoni na canzawa daga fitowa zuwa fitowa, saboda haka takardar sharuɗɗan lasisi ta kamfanin da ya ƙera manhajar ita ce hujja, ba wannan amsar ba. Ka nemi amsar waɗannan a rubuce. Idan ka haye iyaka me ke faruwa: gargaɗi ne kawai, ko sababbin ayyuka za su tsaya, ko za a biyo ka da takardar bashi daga baya, kuma kwana nawa ne sassauci? Idan lasisin haya ne ya ƙare ba a sabunta ba, za ka iya dawo da bayananka daga tsofaffin kwafi? Yawanci ana bari, amma wannan layin ya fi kowanne muhimmanci. Idan lasisin mallaka ne, nawa ne kuɗin kulawa na shekara, kuma nawa ne tarar wanda ya bari ya yanke sannan ya dawo? Idan ka share bayanai lambar ta sauka, za a rage maka a sabuntawa? Kwafi na biyu da na uku suna cikin awo ko a'a? Akwatunan wasiƙa na Microsoft 365 galibi kan mutum ake biyansu, kada ka ɗauka suna cikin terabait ɗin.

Sai batun VMware. Tun da kamfanin Broadcom ya saye shi a ƙarshen 2023 ya daina sayar da lasisin mallaka, ma'aikatu da yawa na duban komawa takwarorinsa, Hyper-V ko Proxmox. Idan akwai yiwuwar ku ƙaura cikin shekara ukun nan, ka tabbatar lasisin bakof ɗin zai bi ku ba tare da sabon saye ba, kuma manhajar na iya dawo da VM na VMware a kan sabon tsarin. Wanda ya koma Proxmox yana da Proxmox Backup Server, wadda ba ta ƙirga terabait ko VM, kuɗin tallafi kawai ake biya kan saba idan ana so. Ka mayar wa dillalan biyu rahoton RVTools da girman NAS bayan shara, ka ce kowa ya sake kawo farashi iri biyu, da NAS a ciki da kuma ba NAS, na shekara 1 da na shekara 3, kowanne da farashin ƙari a rubuce.